Shekarar da Aka Ɓoye Sunana

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. 'Yata Yagana, uwarku, ita ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa, kuma na ja mata kunne kada ta yi wa maganata kwalliya. Ku jikokina nake yi wa, domin kun fara wayo, kun fara tambayar abin da ya sa masu keke a unguwarmu ta Mairi ke ce wa kakanku namiji Hajja. Gara ku ji daga bakina. A titi za a ƙara gishiri.

Kafin a ce mini Hajja, Kunne Ɗaya ake ce mini. Sunana na yanka babu wanda ya san shi a unguwar nan. Kakarku Ya Fanna ba ta taɓa furta shi ba, don ba haka muka tashi ba. Baban Yagana take cewa, in ranta ya ɓaci ta ce wannan mutumin. 'Ya'yana Baba suke cewa. Mutanen gari kuwa abin da idonsu ya gani suka kira: mutum mai kunne ɗaya, mai sayar da bandar tarwaɗa a gindin darbejiya, a hanyar da ɗaliban jami'a ke bi. Daga garinmu na bakin tafki muka zo Maiduguri a shekarun gudu, a ƙafa, hannu babu komai. Mutane suka dubi kunnen, suka dubi fuskar da ba ta dariya, suka haɗa labari da kansu. Wasu suka ce harsashi ne. Wasu suka ce adda ce, wai ni kaɗai na tare hanya har iyalina suka wuce. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shiru na yi, shirun ya yi mini aiki. Yara na hango ni su daina kokawa. In rigima ta tashi a layi ni Bulama mai unguwa yake aika wa, in je in tsaya kawai, rigima ta mutu. A majalisar yamma tsakiyar tabarma wurina ne, kofin shayi na farko nawa ne. Wanda ya rasa gida da kwalekwale da gari, wannan kwarjinin shi ne dukiyarsa. Ba ni da wata.

Ɗalibai masu bincike kuwa mun sha su har mun gaji. Ɗan gudun hijira a kusa da jami'a kamar rijiya ce a bakin hanya, kowa ya zo wucewa sai ya zura guga. Suna zuwa babu sallama, su ɗaga waya su ɗauki hoton mutum yana cin abinci, su tambaye shi sau nawa yake ci. Wata yarinya ta taɓa zama a inuwata tun hantsi har azahar tana rubuta amsoshin matan unguwa, ba ta yi magana da mace ko ɗaya ba. Da ta maƙale sai ta ɗago ta tambaye ni, wai in ni mace ce mai 'ya'ya me zan ce. Na ce mata in ni mace ce da na tashe ta daga inuwata. Ta rubuta wani abu, ta ci gaba.

A shekarar da nake ba ku labari Yagana na aji na ƙarshe a jami'a. Wata rana ta dawo muna cin burabusko ta ce an kawo musu sabon darasi, sunansa ɗa'ar bincike, dole kowa ya yi kafin a bar shi ya fita tambayar mutane.

"Me ake koya muku a ciki?" in ji Ya Fanna.

"Kada ka yi ƙarya. Kada ka saci aikin wani. Ka nemi izini. Kada ka cuci wanda ya ba ka labarinsa."

"Wannan ai tun kafin yaye ake koya wa mutum. Har da jarrabawa?"

"Har da jarrabawa."

"To wanda ya faɗi fa? A kama shi ke nan, ɓarawo ne?"

"Sake zama yake yi, Ya."

"Ya sake zama har ya zama mutumin kirki," in ji ta. "Allah ya kyauta. Miƙo mini miyar."

Wanda ya fi kowa ci a wannan jarrabawa shi ne Abba. Yagana ce ta kawo shi gindin darbejiya, dogo, siriri, da tabarau, kamar iska za ta ɗauke shi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi ta gaisuwar Barbarci, wushe, wushe, har na gaji da amsawa. Ya ce yana bincike kan yadda maza suka fito daga garuruwansu a shekarun gudu. Na ce to.

"Baba, kafin mu fara, kana da 'yancin ka ƙi."

"Na sani."

"Kuma kana da 'yancin ka tsaya a duk lokacin da ka ga dama."

"Ban fara ba."

"Kuma in ka ƙi babu abin da zai same ka."

"Me kake tsammanin zai same ni daga wurinka?"

Ya gyara tabarau. Ya Fanna ta aiko masa da tarwaɗa mai mai a kan faranti, irin wadda ba na sayarwa sai babban baƙo. Yaron nan ya dube ta, na ga maƙogwaronsa ya motsa, amma ya ce a yi haƙuri, an koya musu ba a karɓar kyauta daga wanda ake yi wa tambaya. A gidanmu ba a taɓa mayar da faranti da abinci a kai ba. Ya Fanna ta leƙo da kanta don ta ga wane ne, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da Yagana da Barbarci, wannan shi ne na ɗayan naku? Na ƙarshen kada ki kawo shi.

Ya yi ta zuwa. Kullum sai ya sake neman izini daga farko, kamar jiya wani ne ya ba shi. Da fari haushi yake ba ni. Daga baya na lura cewa tunda na zo garin nan babu wanda ya taɓa tambayata ko na yarda kafin ya ɗauki wani abu nawa. Rannan ya tambayi sunana na yanka, na faɗa masa a hankali. Ya dafa ƙirji.

"Wannan sunan zan ɓoye shi, Baba. Wani zan sa a madadinsa. Babu mahaluƙin da zai san kai ne."

Na sallami Yagana ta shiga gida. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a Maiduguri.

Ga shi nan, ku ma ku ji. Kunnena jaki ne ya cije shi ina yaro, na je ɗaukar masa dusa daga baki. Shi ke nan labarin kunne. Ranar gudu kuwa maza ake tarewa a hanya, mata ake bari su wuce. Kakarku ta zaunar da ni, ta aske mini gemu da wuƙar gyaran kifi, babu sabulu. Ta ciro laffayarta shuɗiya ta biki, mai ƙamshin turaren wuta, ta naɗe ni da ita tun daga kai har ƙafa, ta ɗora mini tukunya a ka, ta saka ni tsakiyar mata. Wata tsohuwa da ban sani ba tana bayana tana zungurina da sanda, tana cewa ke, rage taku, wace irin mace ce ke tafiya kamar za ta kama sa? Haka na wuce ta gaban masu bindiga, kaina a ƙasa, ina ƙamshin amarya. Ƙanena Bukar an ba shi zani shi ma. Ya ce shi ba zai sa ba, namiji ne shi. Bai iso ba.

Abba ya cire tabarau ya goge ido. Ya sake tambayata ko na yarda ya yi amfani da labarin. Na ce ai ka ce za ka ɓoye ni. Ya ce wallahi.

Kuma ya ɓoye sunan. Wannan ba zan zalunce shi ba. Ranar da ya tsaya gaban 'yan ajinsu da malamansu yana bayanin aikinsa, da sunan Malam Audu ya kira ni. Ya ce Malam Audu, ba sunansa na gaskiya ba ne, dattijo ne mai kunne ɗaya da ke sayar da bandar tarwaɗa a gindin darbejiya a Mairi, kuma ya tsira ne cikin laffayar matarsa. Yagana ta ce ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Rabin ajin a wurina suke sayen kifi. Abin da babu wanda ya sani shi ya ɓoye, abin da kowa ke kirana da shi kuwa ya shanya a rana. A cikin ajin akwai ɗan Alhaji Jidda.

Alhaji Jidda Bashuwe ne, dillalin shanu, shi ma gudu ya kawo shi birni. A majalisa shi ne mai yawan baki, kuma ya daɗe yana jin haushin kofin farko da ake ba ni, don shi a faɗarsa a kan doki ya keta daji ya fito, harsashi na bin sa. Washegari da yamma na iso majalisa na tarar an matsa mini wuri fiye da kullum.

"Ku gyara, ku gyara," in ji shi. "Hajja ta iso. A ba ta gefe, kada ta cakuɗu da maza."

Aka fashe da dariya. Na yi irin kallon da nake yi wa masu rigima. Bai yi aiki ba.

"Hajja, turaren nan naki a ina kike saye? Uwargidana na nema."

Mai shayi ya zuba kofin farko, ya riƙe shi a sama yana duban fuskoki, sannan ya miƙa wa Alhaji Jidda. Kafin mako ya zagayo masu keke sun ɗauka. Yaran da ke gudu in sun gan ni suka koma bina suna rangwaɗa da tukunyar wasa a ka. Rigima ta tashi a layin bayanmu kan magudanar ruwa, Bulama bai aiko ba. Na daina fita. Na bar kifi a kwando, na zauna a ɗaki ina kallon bango.

Ana haka sai ga malamarsu ta zo gida da kanta, Dakta ce, mace mai shekaru, ita ke koyar da darasin. Abba na bayanta kamar an jiƙa shi an matse, ya ƙara ramewa, abin da ban zaci zai yiwu ba. Ta zauna a tabarma, ta gaishe ni yadda ya kamata. Ya Fanna ta kawo kifi, ta ci, har ta nemi yaji. Ta ce abin da ya faru cuta ce, kuma doka a wurinsu a fili take: in na ce ina ƙara, za a soke aikin Abba, shekararsa ta tafi, wataƙila ma fiye da shekara. Ta ce magana tana hannuna.

"Wa ya kai miki labari?" na ce.

"Shi ya kai kansa. Ya zo ofis ya ce ya cuci mutum, a hukunta shi."

"An ce shi ne na ɗaya a darasin naki."

"Shi ne."

"To darasin yana aiki ko ba ya yi?"

Ta ajiye ƙayar kifi, ta yi ɗan murmushi marar daɗi.

"Baba, ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Na karanta aikin nan kafin ya tsaya gaban aji, ban ga komai ba. Na duba suna, na ga an sauya, na wuce. Yadda aka koya mini haka na koya musu."

"Kafin ki fara koyar da shi, ɗalibi ya taɓa kai kansa?"

"Ko ɗaya."

"Bayan kin fara fa?"

"Shi ne na farko."

"Sauran sun daina cutar ne?"

"Sauran sun iya neman izini," in ji ta. "Abin da suke yi bayan izinin, Allah ne masani."

Na ce su je zan yi tunani. Gaskiya a raina na riga na gama: yaron ya sha abin da ya dama. Suna fita Ya Fanna ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da laffayar nan shuɗiya, ta jefa mini a cinya. Ban san ta ajiye ta ba.

"Wannan mutumin, ina da tambaya. Ba sai na nemi izini ba."

"Yi."

"Wannan ce abin kunyar?"

Na dubi laffayar a cinyata.

"Ta bikin ƙanwata ce, sau ɗaya na sa. Na naɗe ƙato da ita, ya yage mini gefe da manyan ƙafafunsa, ya fito da rai, ya ga 'yarsa a jami'a. Yau shi ne ke ɓuya a ɗaki don an ce ya sa ta. Shekara da shekaru ana cewa kai ka tare hanya muka wuce, ina ji, ban ce komai ba. Wa ya tare wa wa hanya?"

"Ke ce."

"Ƙara faɗa, kunnen da ya rage ya ji."

Na kwana ina juya maganar. Na ga ko an kori Abba daga jami'a, masu keke ba za su mayar mini da Kunne Ɗaya ba. Kuma na tuna ɗalibai nawa suka ɗebi labarinmu suka tafi, babu wanda ya waiwayo. Wannan shi kaɗai ya dawo da ƙafarsa ya miƙa wuya. In na yanka shi, na baya sun koyi darasi ɗaya: kada ka kai kanka. Sai na aika aka gaya wa Dakta ba na ƙara, amma da sharaɗi biyu. Na farko, Abba ya zo majalisa ya karanta labarin gaba ɗayansa, ba guntun da titi ya ɗauka ba. Na biyu, ya ci kifin Ya Fanna a gaban idonta.

Na biyun ya fi masa sauƙi. Ya cinye har kai.

Da la'asar na fita majalisa, karo na farko tun da abin ya faru, laffayar a kafaɗata a ninke. Alhaji Jidda ya buɗe baki, na ce ya bari yaro ya yi karatu tukuna. Abba ya tsaya yana karantawa yana mayarwa da Hausa. Wurin jaki aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Wurin tsohuwa mai sanda aka yi ta buga cinya. Da ya zo kan Bukar, wurin ya yi tsit. Kowa a tabarmar nan yana da wanda bai iso ba. Na ce musu duk abin da yaron ya karanta haka yake, ga laffayar, wanda ke son ya shinshina ya zo. Babu wanda ya zo. Aka kira magariba, aka watse.

Kada ku zaci girman ya dawo. Bai dawo ba. Bulama bai sake aiko mini ba, ya samu wani mai tabo a goshi. Kofin farko ya zauna a hannun Alhaji Jidda. Sunan Hajja ya kama ni kamar ƙaya a rigar ulu. Amma wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Dattawa suka fara zuwa sayen kifi ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da babu kowa, mutanen da na san ko tarwaɗa ba sa ci. Su tsaya suna juya kifi, su yi ƙasa da murya. Wani a buhun gawayi ya fito. Wani gawa ya yi, mata suka ɗauke shi a amalanke suna kuka. Can sai ga Alhaji Jidda da tsakar rana, ya duba gabas ya duba yamma.

"Hajja."

"Alhaji."

"Taka shuɗiya ce, ko?"

"Shuɗiya."

Ya ɗaga wani kifi ya ajiye.

"Tawa ja ce. Ta surukata."

"Dokin fa?"

"Ka auna mini kifi, malam, ka bar maganar doki."

Ban gaya wa kowa ba sai yau. Yagana, sa masa wani suna in kin ga dama. Ki ce dillalin shanu ne mai haƙorin Makka a layin masallaci, babu wanda zai gane.

Sauran kun sani, tunda ga ku. Bayan sun gama karatu Abba ya turo manyansa neman Yagana. Ya Fanna ta ce a ba shi, ko don a ciyar da shi ya yi kauri. Na ba shi. Tun daga ranar ya zama suruki, bai sake zama tabarma ɗaya da ni ba, bai sake haɗa ido da ni ba, in ya hango ni a layi sai ya sauya hanya. Da aka haifi ɗansa na fari sunana na yanka ya sa masa. Liman ya faɗe shi da ƙarfi a gaban jama'a, karo na farko da aka furta shi a fili a Mairi, babu wanda ya juyo ya dube ni. Daga ranar kuma ba a sake faɗa ba, don uwa ba ta iya kiran sunan ubanta, uba ba ya iya kiran na surukinsa. Shi ya sa kai babbansu ake ce maka Babagana, wato ƙaramin baba. Sunan yana nan a ɓoye. Wannan alkawarin dai ubanku ya cika shi.

In kun tambaye ni ko karatun nan yana gyara mutum, ban sani ba. Abin da na gani shi ne bai hana ubanku yi ba, ya hana shi barci bayan ya yi. Ko karatun ne, ko uwarsa ce, Dakta ma ba ta raba ba.

Yanzu shi ke koyar da darasin a jami'a. Bara ya aiko Yagana, tunda shi ba ya iya tunkarata, wai yana neman izini ya riƙa fara ajinsa da labarina. Na ce na yarda. Ta tafi ta dawo, wai yana tambaya ko na san ina da 'yancin in ƙi. Na ce na sani. Ta sake tafiya ta sake dawowa, wai wane suna zai sa mini a madadin nawa.

Na ce ya sa Hajja. Kada ya sake ya manta da mai laffayar.